Kakana, Baba na Baya

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kakana na wajen uwa ya rasu ranar Laraba da hantsi a gidanmu na Dumega, yana zaune a bakin zaure da kofin shayin da bai ƙarasa sha ba. Kafin azahar labari ya kai Tibiri da Dogon Dutsi. Kafin la'asar masu babur sun fara isowa gaisuwa.

Ba su shigo unguwar da ƙara ba. Duk wanda ya kawo gindin bishiyar bedi da ke bakin hanya sai ya kashe inji, ya sauka, ya turo babur ɗinsa da hannu har ƙofar gida. Ina leƙe ta ɓular zana, ƙafafunsu kawai nake gani, jajawur da ƙasar hanya har gwiwa. Shugaban ƙungiyarsu ta 'yan kabu-kabu ya zauna a kan tabarma, ya shafa addu'a, ya ce, "Yau dai tsoho ya riga mu gaba." Wasu suka fara dariya, sai suka tuna inda suke, suka sunkuyar da kai.

A cikin gida aikina shi ne zagayawa da ruwan sha. Mai ɗauke da moɗa ba a ganinta, shi ya sa na ji duk abin da aka faɗa. An yabe shi da haƙuri, an yabe shi da zumunci. Amma kusan kowane yabo yana da wutsiya. Wata ta ce, "Mutumin kirki ne wallahi, in ban da abin da ya faru ranar Ƙonni." Ƙanwarsa, wadda ta taso daga Dogon Kiriya, ta ce ita har gobe ba ta yarda da maganar ciwon ido ba, doguwa ce ta tare shi a hanyar nan ta rufe masa gani. Maƙwabciyarmu kuwa ta riƙe hannun Innata ta ce, "Allah shi jiƙan shi. Mu dai mun yafe mashi." Innata ta ce ta gode. Ni kuma moɗar ta karkace a hannuna, ruwa ya zube mini a ƙafa.

Can da yamma ɗan maƙwabciyar nan ya iso. Yaya nake ce masa tun ina ƙarama. Shi ba shi da babur da zai turo. Sawunsa daban yake a ƙasa, ɗaya cikakke, ɗaya ja. Ya zauna a ƙarshen tabarma, ya miƙe ƙafar hagu domin ba ta lanƙwasuwa.

Saboda wannan wutsiyar nake rubutu. Shekara uku Kaka yana ɗauke da sunan wanda ya bar mutum a baya, ya kuma shiga kabari da shi. Rabin wannan sunan nawa ne, ko fiye da rabi. Ban iya magana cikin mutane ba, ko a aji in malami ya kira ni muryata maƙalewa take yi. Amma na iya rubutu, kuma Kawuna ya yi mini alkawarin zai karanta wannan a gaban masu babur ranar addu'ar arba'in.

Ga wanda bai san yadda suke tafiya ba: idan ƙungiya za ta yi doguwar tafiya, ɗaurin aure ko jana'iza ko taro, akwai mai jan gaba, akwai kuma mai rufe baya. Na baya ba ya wuce kowa. Ko wa ya tsaya, ko don fitsari ne, sai ya tsaya da shi. In an isa, shi ne na ƙarshen shiga, kuma ba mai cire hular kwano sai ya ɗaga hannu ya ce, "Baya lahiya." Tun kafin a haife ni Kaka yake wannan aikin. Yana da wani jan ƙyalle ɗaure a kan siririyar sanda a bayan babur ɗinsa, don wanda ya lalace a hanya ya hango shi daga nesa ya san taimako na tafe.

Babur ɗinsa tsoho ne, yana da wani tari da yake yi in an canja giya. Ko'ina a Dumega an san tarin nan. Aljihun rigarsa kullum a yage yake saboda kaya: buji biyu na tada inji, guntun waya, ƙaramar sifana, da dabino. Kakata ta gaji da ɗinke masa aljihu, har ta ce ranar da ya mutu sai an yi amalanke kafin a kwashe abin da ke cikin rigarsa. Da aka zo wanke rigar ran Alhamis, buji ɗaya aka samu da dabino uku. Ita ce ta fara dariya, ita ce kuma ta fara kuka.

Maganarsa ɗaya ce a kowace tafiya, in samari suna ta murɗa inji suna ƙosawa: "Ku tafi, ina nan baya." Haka yake faɗa ko a gida. In an kira sallah, in an sa abinci, in Kakata ta ce a tafi gona. Mu jikoki har kwaikwayonsa muke yi.

Ba 'yan ƙungiya kaɗai yake tsayawa dominsu ba. In samari sun ratsa ƙauye da gudu sun watsa kaji, shi ke tsayawa ya sauka, ya gaida dattawa, ya ba da haƙuri kan laifin da bai yi ba. Akwai wata Bafillatana da ta zo gaisuwa ran Juma'a da ƙwaryar nono, ba wanda ya san ta. Ta ce shekarun baya ɗanta ya faɗo daga bishiya a wajen Tibiri, babura da yawa suka wuce ta, mai jan ƙyalle ne ya tsaya. Ya kai su asibiti, ya koma ya kora mata shanunta zuwa ruga da ƙafa, ya bar babur ɗinsa a gindin kalgo.

Ni Hajiya Shiru yake ce mini. Wai ya yi jikoki goma sha, masu surutu kamar kasuwar Dutsi, sai Allah ya ba shi guda ɗaya da za su yi hira ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Nakan zauna kusa da shi in yana gyaran babur, ina miƙa masa abin da yake nema tun bai tambaya ba.

A nan ne na fara lura. Ina da shekara goma sha biyu. Ƙusa ta faɗi a gabansa a kan tabarma, sai na ga yana lalubenta da tafin hannu. Wata rana ya zuba shayi, rabi ya sauka a gefen kofi. Wata rana kuma ya shigo gida ya yi wa turmi sallama, domin Innata ta yafa masa zane ya bushe. Ba wanda ya gani sai ni. Ya juyo, ya tarar ina kallonsa.

Ya ce, "Hajiya Shiru, mi kinka gani?"

Na ce, "Ba komai, Kaka."

Ya ce, "Yauwa. Haka nika son mutum."

Ashe ciwon yanar ido ne ya fara kama shi. Yana ganin baƙin kwalta da farin yashi, yana ganin mota da jaki. Ƙananan abubuwa na gefen hanya ne suka ɓace masa, su ne kuwa aikin na baya.

A hutun damina na shekarar nan, tsakanin maimai da girbi, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, aka kira babban taron masu babur a Ƙonni. Ƙungiyoyi za su zo daga garuruwa da yawa, a yi jerin gwano, a yi wasan babur, a ci a sha. Sati biyu ba a maganar komai a tasha sai wannan. Sai Kaka ya ce zai tafi da ni, wai in yi hutu wajen Gwaggona da ke aure a can.

Innata ba ta yarda da wannan dalilin ba. Ashe ita ma ta lura. Na ji su ta bayan rumbu.

"Baba, ka ba wani ƙyallen nan. Ba abin kunya ba ne."

"In ba wa? Waɗanga samari da ba su iya jiran mutum ya gama alwala?"

"To ka hwaɗa masu gaskiya."

"Wagga tahiya kaɗai. In mun dawo in aje. Ga ɗiyarki nan, ko ƙwayar gero ta hwaɗi cikin yashi sai ta gan ta."

"Ɗiyar da ko gaisuwa sai an matsa mata? Ita za ta tsai da kai?"

"Ba sai ta yi magana ba."

Innata ta ce in wani abu ya faru ba ruwanta. Kwana biyu ba ta kai masa shayi da kanta ba, ni take aikowa.

Ranar tafiya, bayan sallar asuba, ya ɗaura mini hular kwano da ta fi kaina girma, ya cusa tsumma a ciki don ta zauna. Ya ce, "Ke ce idona yau. Dama da hagu naki ne. Kome kinka gani da ba ki gane mashi ba, ki taɓa ni nan sau biyu." Ya nuna kafaɗarsa ta dama. Ban taɓa jin girma irin na safiyar nan ba.

Muka tashi daga Dumega, aka ƙaru a Tibiri, aka sake ƙaruwa a Dogon Dutsi, har babura suka yi layin da ba na ganin farkonsa. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, gari ya yi sanyi, gero ya fi mutum tsawo a dama da hagu, ya fara fid da kai. Samari sun ɗaura tutoci da furannin roba a madubai. Mu muna can baya, babur na tari, jan ƙyalle na kaɗawa a saman kaina.

Taɓawar farko ta yi kyau. Kafin mu kai Dutsi na hango wani ƙunshi a gefen kwalta, ashe sabuwar rigar da shugaba zai sa a wajen taro ce ta zame masa. Da muka miƙa masa ya ce, "Kai, tsoho, idonka har yanzu na shaho ne." Kaka ya ce, "Awo mana," ya miƙo mini dabino ta baya.

Daga nan sai na zaƙe. Na tsai da shi don tsohuwar taya. Bayan Dutsi kuma na hango mutum kwance a gindin gawo, ba ya motsi, na taɓa kafaɗa da ƙarfi. Kaka ya sauka da sauri, ya ratsa kunyoyi yana salati, ya kama ƙafar mutumin ya girgiza. Manomi ne yake barcinsa. Ya tashi a firgice ya rarumi hauya, ya ce ko a gonarsa ma ba za a bar shi ya huta ba.

A Ɗan Kassari aka tsaya shan mai da sallar azahar. Aka tambayi Kaka abin da ya riƙe shi. Kaka mutum ne mai son ba da labari, kuma ya iya. Ya kwaikwayi manomin, ya kwaikwayi yadda ya zabura da hauya, ya ce, "Hajiya Shiru ce ta ce ga gawa." Maza wajen arba'in suka fashe da dariya, duk suka juyo suna kallona. Ina tsaye da ƙatuwar hula a kai, tsumma ya leƙo ta gefen kunnena. Yaya ne ya fi kowa dariya. Ya dafa cikinsa ya ce, "Hajiya, don Allah in kin ga jaki kwance gaba, ki tsai da tsoho ku yi mashi ya jiki." Aka sake fashewa. Kaka ma yana dariya har da share ido.

Na sunkuyar da kai. Abin da nake gani kawai ƙafafun Yaya ne: takalmin roba ruwan ɗorawa, an ɗaure maɗaurin na hagu da shuɗiyar waya. A raina na yi rantsuwa ba zan sake ɗaga hannu ba har Ƙonni.

Jama'a suka tashi. Yaya ya tsaya ɗaure sarƙar babur ɗinsa da ta saki, mu kuma muka jira shi kamar yadda doka take. Da ya gama ya ce, "Baba, sai kun taho," ya murɗa da gudu don ya cim ma sauran. Kafin Kaka ya tada nasa, ya ɓace.

Mun yi tafiya mai ɗan nisa, sai muka kawo wata kwana da ke da ƙaramar gada. A nan na gani. Zan faɗe shi yadda yake, domin ba ranar da ba na sake ganinsa. A gefen dama akwai sabon layi a jiƙaƙƙen yashi, ya bar kwalta ya gangara. Karan gero biyar ko shida sun karye, duk sun kwanta ta fuska ɗaya, karayar tana da ɗanyen kore. A bakin kwalta kuma ga takalmi guda, ruwan ɗorawa, da shuɗiyar waya.

Hannuna ya tashi daga rigar Kaka. Ya kai kusa da kafaɗarsa. Sai na ji dariyar nan a kunnena. Na ce wa kaina takalmin ne kawai ya faɗi, in muka tsaya za a ce yanzu kuma gawar takalmi na gano. Akwai ma abin da ya fi wannan muni, kuma sai na faɗe shi: na ji daɗi a raina cewa zai shiga taro da ƙafa ɗaya ba takalmi, a yi masa dariya shi ma. Karan da suka karye kuwa, na gan su sarai, na kawar da kai. Na mayar da hannuna inda yake.

Muka shiga Ƙonni da la'asar. Ban taɓa ganin babura masu yawa haka ba, fili guda cike, ga masu kiɗa, ga masu tsire, ga wani yana tafiya a kan taya ɗaya. Mutanenmu suna jere da hulunansu a kai, suna jiran na baya. Kaka ya shiga a hankali, ya tsaya, ya ɗaga hannu a gaban jama'ar garuruwa, ya ce da ƙarfi, "Baya lahiya!" Aka yi tafi, aka cire huluna.

Ba a daɗe ba wani abokin Yaya ya zo yana tambaya, "Baba, ina mutumina? Ba tare kunka taho ba?" Aka kira wayarsa, tana shiga ba a ɗauka. Kaka ya juyo ya dube ni. Duk da yanar da ke idonsa, na san ya gan ni. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce wa shugaba, "Mu koma. Kwanar da ke da gada, hannun dama in ana tahowa."

Aka bar ni wajen Gwaggo. Sauran labarin a bakin mutane na ji shi. Sun same shi gab da magariba, can cikin gero, babur a kan ƙafarsa, wayarsa ta yi tsalle ta faɗa inda hannunsa ba ya kai. Akuya ce ya kauce wa. Ƙafar ta karye wuri biyu, ta kumbura saboda daɗewar da ta yi a danne. An yi ɗori, an yi magani, amma ba ta koma daidai ba. Bai sake hawa babur ba. Yanzu yana facin taya a wata rumfa kusa da tasha.

Mutanenmu ba su shiga jerin gwano ba. Washegari da safe, a gaban kowa, shugaba ya ce, "Baba, yaya anka yi ka san wurin, in ba ka gani ba?" Kaka ya ce, "Na ga alama na wuce. Laihina ne." Sannan ya faɗa musu maganar idonsa. Wani saurayi ya ce, "Ashe makaho muka sa gadi." Ba wanda ya tsawata masa. Kaka ya kwance jan ƙyallen daga sanda, ya ninke, ya miƙa wa shugaba. Shugaba ya ƙi karɓa, Kaka ya mayar da shi aljihun rigarsa. Wani ne ya tuƙo shi zuwa gida, shi yana zaune a baya kamar kaya.

Da na dawo daga hutu na kasa zama kusa da shi. In na ji sandarsa ta nufo tsakar gida sai in shige ɗaki. Kusan wata guda muna haka. Wata safiya Innata ta aike ni da shayinsa, na ajiye zan gudu, ya kama gefen hijabina.

"Zamna, Hajiya."

Na zauna.

"Na ji hannunki," in ji shi. "Ya tashi daga rigata, ya daɗe sama, ya koma. Na ji shi sarai. Ya kamata in tsaya, ban tsaya ba."

Na fara kuka. Ya bar ni na yi mai isata.

"Ni na ba da labarin manomi. Ni na sa anka yi maki dariya, ni ma na yi. Na ɗauki aikin babba na aza ma yarinya, sannan na kunyata ta gaban maza. To wa ke da laihi?"

Na ce, "Na ga takalminshi, Kaka. Na gane shi."

Ya saki gefen hijabina. Bai ce mini "ba komai" ba, kuma na gode masa da bai faɗa ba. Ya ce, "To, kina da naki. Ki roƙi Allah. Amma ina raye ba ki hwaɗa ma kowa. Ni tsoho ne, in sun laƙa mani suna, kwana nawa ya rage in ɗauke shi? Ke in sunka laƙa maki, har jikokinki sai sun ji."

Haka muka zauna shekara uku. An yi masa aikin ido ɗaya, ya ɗan samu gani, amma bai sake taɓa babur ba. Masu kabu-kabu suna gaishe shi in sun wuce, sai dai ba mai tsayawa hira kamar da. In za a yi tafiya, ta wata unguwa suke bi. Yakan ji ƙararsu daga nesa ya karkata kai, yana motsa baki. Na daɗe kafin na gane lissafa su yake yi.

Kowace Juma'a bayan masallaci yakan ce zai je shan iska. Na taɓa bin sa a baya. Rumfar Yaya yake zuwa. Famfon rumfar na hannu ne, irin wanda ake takewa da ƙafa a danna da ƙarfi, Yaya kuwa ba ya iya tsayuwa a kansa. Kaka ne yake buga masa iska, taya bayan taya, har la'asar. A ranar da na leƙa ba su ce wa juna uffan ba.

Kwana huɗu bayan rasuwar, Kakata ta ba ni jan ƙyallen. A ƙarƙashin matashinsa ta same shi. Ta ce, "Ke ce 'yar ɗakinshi, riƙe." Washegari na sa shi cikin jakata ta lakwal, wato makaranta, na bi ta tasha.

Yaya yana tsugune ya ba ni baya, ƙafar hagu a miƙe, yana juya robar cikin taya a kwanon ruwa yana neman inda take fitar da kumfa. Na yi sallama, muryar ba ta fita ba. Na sake, ba ta fita ba. Na daɗe a tsaye har inuwar rumfa ta matsa daga ƙafata. Sai na naɗe yatsuna da gefen hijabi, na miƙa hannu, na taɓa kafaɗarsa ta dama sau biyu.

Ya juyo. "A'a, Hajiya Shiru. Ya haƙuri?"

Na faɗa masa duka, ina kallon kwanon ruwa. Layin yashi, karan gero, shuɗiyar waya, har da daɗin da na ji. Bai katse ni ba. Da na gama ya ci gaba da juya robar, ko da yake na ga kumfar tana fita tun ɗazu a ƙarƙashin babban yatsansa.

"Na ji ku," in ji shi. "Na ji tarin babur ɗin nan ya taho. Na ce alhamdu lillahi, ga Baba. Na yi ihu iya ƙarhina. Na ji ya rage gudu a kwana, na ji ya canja giya, na ji ya tahi." Ya share hannu a wandonsa. "Shekara guda ban amsa gaisuwarshi ba. Yana nan yana buga iska kamar ɗan aiki, ni ina jin haushinshi. Bai taɓa cewa ke ce ba."

Na ce, "Ka yafe mani, Yaya."

"Shi na yafe mashi tun bara, da zuciya ɗaya. Ke kuwa yanzu nika jin naki. Ki ba ni lokaci." Ya ɗago ya dube ni. "Maganar jaki ni na yi ta, ko?"

Na ɗaga kai.

"Hm," in ji shi. Ya ɗauko robar daga ruwa. "Ba ni kaɗai za ki hwaɗa ma ba. Su can da ke cewa makaho, su ma su ji."

To ga shi kun ji, iyayena da yayyena masu babur. Kaka ya yi kuskure da ya ɓoye muku ciwonsa, shi da kansa bai taɓa musun haka ba. Amma bai fita da ku babu ido ba. Ya tafi da ido a bayansa, idon ya gani, ya yi shiru. Alamar da ya ce muku ya gani ya wuce, ba shi ya gan ta ba. In za ku ambace shi daga yau, ku yabe shi ku tsaya a nan. In kuma dole sai an ce "in ban da ranar Ƙonni," to a faɗa a kaina, ina raye, zan iya ɗauka.

Jan ƙyallen yana wajen Kawu. Na wanke shi, na ɗinke inda ya yage. Ku ba wanda kuka ga zai iya jiran mutum ya gama alwala.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya haskaka masa kabarinsa fiye da hasken da ya rasa a duniya. Yadda ya tsaya wa bayin Allah a hanya, Allah Ya sa a tsaya masa. Yaya kuma har yau bai ce mini komai ba. Ran Juma'ar da ta wuce na bi ta rumfarsa, na tarar tayu uku a jingine ba iska. Na ajiye jakata na taka famfon. Ya dube ni, ya turo mini ta farko da ƙafarsa mai lafiya.